Fijon Malam

Duk wanda ya saba shigowa harabar sashenmu ranar Litinin ko Laraba da safe ya san ta. Tana can ƙarƙashin mangwaron nan na gefen ɗakin karatu, a kan 'yar gangara, hancinta na duban ƙasa. Abokan aiki da dama sun ɗauka inuwa nake bi. Gaskiyar magana gangarar nake bi, domin ran da batir ya yi gardama ba sai na tara ɗalibai su tura ni ba. Na kuma san sunayen da suka raɗa mata a bayan idona, daga mai cewa Kaka sai mai cewa Gidan Tarihi. Na taɓa jin wata 'yar aji biyu tana raɗa wa ƙawarta cewa ai motar ta girmi mai ita. Ba ta yi nisa da gaskiya ba, sai dai ni ne babba, da shekara ɗaya tak.

Peugeot 504 ce, wadda bakin mutanenmu ya mayar Fijo, mai launin madara, ƙirar 1981. A Faransa aka fara fito da irinta a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, inda ake gwada ƙarfin mota a kan laka da duwatsu. A wannan shekarar ce masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta soma harhaɗa motocin kamfanin. An daina ƙera irin tawa a Turai tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har tsakiyar shekarun 2000. Dalilin karɓuwarta a wurinmu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙafafun baya ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tana shanye ramukan hanya kamar raƙumi a rairayi, injinta mai silinda 4 kuma ba shi da wani asirin da sufana da sukudireba ba za su tona ba. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo ita ce motar manyan ma'aikatan hukuma, doguwar 'yar'uwarta mai kujeru layi uku kuma ita ce ta riƙe tashoshin mota daga Sakkwato har Fatakwal.

Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa ke kira Malam, ya saye ta da rancen mota lokacin yana koyarwa a wata kwalejin horon malamai a Zariya. Ranar da ya kawo ta gida ya sayi littafi mai jan bango, ya ja layuka biyar da rula: kwanan wata, nisan tafiya, lita, kuɗi, bayani. Kafin ya rasu ya cika littafi uku ya shiga na huɗu. Wanda ke son tarihin kuɗin ƙasar nan ya bi layin kuɗi kawai ya gangara: litar mai kwabo 20 a 1982, kwabo 39 da rabi a 1986, naira 11 a 1994, naira 97 a shafin ƙarshe da ya rubuta da hannunsa a 2014. Ni kuwa layin bayani ne ya dame ni. Shekara goma sha biyar ke nan ina koyar da adabi, ban taɓa cin karo da marubuci mai rowar kalma irin Malam ba. "Asibiti, haihuwa, mace." Ƙanwata ke nan ta zo duniya. "Kano, jana'izar Yaya." "Kwana biyu a layin mai." A 1997 na saci makulli yana barcin rana, na ja motar da baya na daki ginshiƙin ƙofar gida. Bai mare ni ba, bai ma ce da ni uffan ba, abin da ya fi mari zafi. Sai bayan shekara goma sha bakwai na ga abin da ya rubuta a ranar: "Fitilar hagu. Yaro."

Da aka zo rabon gado an yi wa motar kuɗi kaɗan, duk da haka babu mai so. Na karɓe ta a madadin kasona na wani fili da ke bayan gari, wanda a lokacin ba kowa a wurin sai makiyaya. Yau titi ya ratsa ta gabansa, shaguna sun jeru a kai. Uwargida ba ta cika tuna mini wannan ba, sai dai ran da ta tuna, da Dakta take kirana maimakon Baban yara, ni kuma nakan gane cewa an buɗe shari'a.

A 2015 na gangaro da ita kudu, ta Kaduna da Tegina da Mokwa, na haye gadar Jebba, na kwana a Ilori, washegari na shigo Badun. A hanya fanbel ya tsinke sau ɗaya, lagireto ya tafasa sau biyu. Wani Alhaji mai fataucin goro a Sabo, da ya ga ina zuba mata ruwa a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya ce da ni, "Malam, kada ka bari yaran zamani su taɓa ta. Gobe ka biyo ni."

Haka na san Baba. Bayarabe ne, a lokacin ya haura sittin, ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a masana'antar nan ta Kaduna, saboda haka Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka yanke masa cibiya. Ya ɗaga murfin injin, ya daɗe yana kallo ba magana, sa'an nan ya ɗora tsinin sukudireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya ce in tayar. Da ya gama sauraro sai ya ce, "Wannan ta hannunmu ce. Wa ya riƙe ta?" Na ce mahaifina. Ya ce, "Allah ya jiƙansa." Na tambaye shi yadda ya san ya rasu. Ya ce, "Dakta, mai irin wannan riƙo ba ya ba da motarsa yana da rai."

Garejin Baba rumfar kwano ce da benci biyu, amma ranar Asabar da hantsi majalisa ce sosai. Akwai Alhajin da ya kawo ni, da tsohuwar Marsandinsa wadda ba ta wuce Sabo zuwa kasuwa. Akwai wani tsohon hedimasta ɗan ƙabilar Ibo mai Fijo 404, wanda ke goge ta da hankici kamar madubin ido. Akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai Volkswagen Beetle, wadda Yarabawa ke kira ijapa, wato kunkuru; injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, don haka duk ran da ya ga ɗayanmu da galan ɗin ruwa sai ya tambaya ko motar ce za ta yi alwala. Sai kuma wani dattijo da ya shekara ashirin da wani abu yana jan doguwar Fijo tsakanin Badun da Kano. Shi ba shi da mota yanzu, ko keke ba shi da shi, amma in gardama ta yi zafi, da Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa, maganarsa ce ke raba ta. A wannan benci digirina ba ya ciniki. Ni ne ƙaramin kowa, ni ake aika sayo ƙosai, kuma ni ake yi wa dariya in na kira wani ƙarfe da sunan da na gani a littafi.

A nan na koyi cewa riƙon tsohuwar mota rabinsa farauta ce. Kayan gyara na asali sun yi wuya, na jabu kuwa sun cika kasuwa, kwalinsu ya fi na gaske kyau. Mukan fara da kasuwar Agodi Gate, in ba a samu ba a aika Ladipo a Legas, in abin ya faskara a buga waya Panteka a Kaduna, inda ba a rasa wani tsoho da ya ɓoye abin a ƙasan shago tun zamanin Shagari. Kafireta tana son wanka duk lokacin da aka sha gurɓataccen mai. Babban abokin gaba kuma tsatsa ce: busasshiyar iskar Zariya ta adana jikin motar shekara talatin da huɗu, damshin kudu ya soma cin gindin ƙofofinta cikin damina uku. Na taɓa tsayawa wurin wani matashin bakanike a hanya, ya fito da 'yar na'urarsa ta gano cutar mota, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai soka ta. Da ya gaji ya ɗago ya ce, "Oga, wannan ba ta da kwakwalwa."

Sai 2022 ta zo. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, albashi ya tsaya. Mai karatu a wannan mujalla ba ya bukatar a ba shi labarin yadda watannin nan suka kasance, kowa da irin nasa. Ni dai zuwa Agusta mai shagon unguwa ya soma kawar da kai in ya hango ni, ga kuɗin makarantar yara uku na tafe a Satumba. Ana haka wani saurayi ya zo daga Legas, mai ladabi, mai tara tsofaffin motoci yana ba da hayarsu ga masu shirya fim da masu biki. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe aljihun gaba ya daɗe yana duba littattafan Malam. Ya taya da kuɗin da ya kai albashina na wata biyar. Na sallama. Ya ba da sulusi kafin alƙalami, washegari na biya makaranta, na sayi buhun shinkafa, na je na gai da mai shago da fara'a.

Bayan mako guda ya dawo da motar da za ta ɗauke ta. Ya buɗe aljihun gaba, ya tarar wayam, domin na kwashe littattafan tun daren jiya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina littattafan?" Na ce ai mota na sayar. Cikin natsuwa ya bayyana mini cewa tsohuwar Fijo ba ta da wuyar samu, abin da ke da wuya shi ne Fijo mai cikakken tarihi tun daga ranar da ta bar masana'anta, kuma wannan tarihin ya taya. Na ce in yi masa hoton kowane shafi. Ya ce hoto ba ya cikin ciniki. Ko dai in haɗa da littattafan, ko in mayar masa da kuɗinsa cikin mako biyu. A bisa ƙa'idar sana'arsa yana da gaskiya, ban kuma taɓa riƙe shi a zuciya ba.

Abin da na gano game da kaina a tsaye a wurin bai yi mini daɗi ba. Shekara bakwai ina gaya wa mutane cewa ba zan iya rabuwa da motar mahaifina ba, ashe zan iya, har na ƙirga kuɗin. Abin da hannuna ya ƙi miƙawa shi ne shafin da aka rubuta "Fitilar hagu. Yaro." Na kasa jure tunanin wani baƙo yana buɗe shi a gaban masu kallo yana fassara musu. Na ce ya ba ni mako biyun, alhali ban san inda zan samo ko rabin kuɗin ba.

Uwargida ta kwana biyu ba ta ce da ni komai ba. A rana ta uku ta ce, "Dakta, takarda za mu dafa?" Ban da amsa, domin a lissafi ita ke da gaskiya, har yau kuma ban ce ba ita ke da ita ba.

Ban gaya wa kowa a gareji ba, amma Baba ya ji daga bakin direban da aka ɗauko daga Legas. Ranar Asabar na iso na tarar majalisa shiru, ba a ko aike ni ƙosai ba. Alhaji ya cire hularsa ya ajiye a kan benci, ya fara sa nasa a ciki. Mai kunkuru ya sa. Hedimasta, wanda na san fanshonsa ba kullum yake zuwa ba, ya sa, yana duban wani wuri daban. Dattijon nan marar mota ya zaro 'yan takardu a nannaɗe daga aljihun ciki, ya tura su ƙarƙashin na sauran don kada a ga yawansu. Na buɗe baki zan yi magana, Alhaji ya ɗaga hannu. "Kada ka yi mana kuka a nan, Malam. Bashi ne, kuma a rubuce." Ya sa na ɗauko littafi na huɗu na rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Sauran cikon uwargida ce ta kawo shi, daga adashinta, ta ajiye a kan tebur ba tare da ta dube ni ba.

Na gama biya a 2024, amma ban da mutum ɗaya. Dattijo direba ya rasu kafin layi ya zo kansa, don shi ya ce a sa shi a ƙarshe. Na kai wa iyalinsa, matarsa ta ce bai taɓa gaya mata yana bin kowa bashi ba.

Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, na rage fita da ita. Litinin da Laraba ta kawo ni aiki, Juma'a masallaci, Asabar gareji. Sauran ranaku ina bin motar haya tare da ɗalibaina. Abin da ya fi mai damuna shi ne idon Baba. Yana ta rufe masa na dama, na hagu ma ya soma hazo, yaransa kuma duk sun koma gyaran motocin zamani, inda abinci yake. Saboda haka ya ce dole in koyi ɗaura kwantak da kaina. Tazarar bakinsa milimita 0.4 ce a littafi. Baba bai taɓa aunawa ba, da yatsa da kunne yake yi.

Asabar ɗin da ta wuce na tafi da babbar 'yata, mai shekara goma sha biyu, wadda yanzu ita ke riƙe da littafin domin rubutunta ya fi nawa kyau. Na ɗaura, na tayar. Baba yana zaune a benci ya karkata kai ya ce, "Sake." Na kwance na sake. Ya ce, "Dakta, waƙa kake karantarwa, ba ka ji tana ɗingishi ba? Sake." A karo na uku ya saurara ya daɗe, bai ce komai ba, ya miƙe ya laluba butarsa ya tafi wanke hannu, ko da yake bai taɓa komai ba. Yarinya ta cike kwanan wata da nisan tafiya, ta tsaya a layin ƙarshe da biro a hannu.

"Baba, me zan sa a bayani?"

Na ce ta rubuta: "Kwantak. Sau uku."