Kundin Majinyaci: Kwanakin Hunturu a Zauro

Alhamis, 30 ga Janairu, 2025

Hazo ya rufe fadama tun asuba, sanyi kuma yana ratsa mini ƙashin baya. Babban ɗana ne ya kawo mini wannan littafi, ya ce, "Baba, ka riƙa rubuta yadda ka kwana da yadda ka yini, don likita ya san inda aka kwana." Na karɓa da murna, domin wanda ya yi rayuwarsa yana koyarwa a aji ba ya gajiya da alƙalami.

Ciwon daji nake da shi, a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Da ƙyar fitsari ya fara fita, sai yawan tashi da dare, daga baya ciwon ƙugu ya biyo. Duk sa'o'ina da na yi wa zancen sai su ce tsufa ne. Uwargida ce ba ta yarda ba. Ita ke jin motsin buta cikin dare, ita ta kira ɗanta ta ce a kai ni asibiti. A Birnin Kebbi aka auna jinina da gwajin da ake kira PSA, a Sakkwato kuma aka ɗebi ɗan abin da aka duba, aka tabbatar.

Juma'a, 31 ga Janairu

Na samu sallar Juma'a. Kwanakin baya na ƙaurace wa sahu saboda ɗigon fitsari, ina tsoron in tsaya gaban Ubangijina ba tsarki. Wannan ya fi ciwon kansa ci mini rai. Da liman ya ga shiru, ya zo har zaure, na buɗe masa cikina. Ya ce, "Malam, ai wannan mas'ala tana nan a littattafanmu na Malikiyya tun muna yara. Ɗigon da ya zama lalura, yana zuwa a mafi yawan lokaci, ba ya warware alwala. An so dai mutum ya sabunta ta idan babu wahala. Wanda tsayuwa ta gagara kuma ya yi salla a zaune."

Na karanta wannan babi ina matashi, amma ban san daɗinsa ba sai da na zama mai bukatarsa. Yau a kan kujera na yi salla, a gefen sahu. Da aka sallame mutane suka yi ta miƙo hannu: "Sannu Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ce." Na dawo gida da ƙarfin da babu shi a cikin kwalabar magani.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wani ɗan'uwa ya zo dubiya da ƙullin gari da wata jarka. Cikin tausayi ya ce, "Yaya, ka daina yarda suna tsira maka allura. Daji ba ya son ƙarfe." Na san wannan magana ta cinye mutane da yawa a ƙasar nan. Mace za ta ji ƙullutu a mama ta ɓoye, namiji zai ga jini a fitsari ya yi shiru, ba za a nufi asibiti ba sai ciwo ya ci ya cinye. Idan rai ya yi halinsa sai a ce allura ce ta kashe, alhali jinkiri ne.

Na gode masa, na ce ya bar mini addu'arsa, ita nake so, garin kuwa ba zan sha ba sai likita ya gani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Ina karanta addu'o'ina safe da yamma, ina tofawa a jikina, ranar asibiti kuma ba ta wuce ni. Ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An ɗauke ni a babur zuwa gona. Wannan fadama ta gulbin Rima ita ce arzikin Zauro. A nan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Nuwamban 2015, mu kuwa tun kakanni muke cin albarkarta. Bana na ɗauka gonata za ta kwana, domin ba ni da ƙarfin sunkuyo, kuɗin ƙwadago kuma magani ya lashe. Sai na tarar da samari cikin taɓo suna dashe, injin ban ruwa na maƙwabcina yana ta aiki. Yawancinsu yaran da na koya wa karatu ne. Babbansu ya ce, "Malam, ka zauna a inuwa. Gayya ce, babu ko sisinka."

Na zauna ina kallo, hawaye suna zuba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Daren lissafi. Gobe ne ranar allurar da ake yi mini duk bayan wata uku, tana da tsada, ga kuɗin mota da na gwaji. Mun sayar da buhunan shanshera da muka ajiye. Uwargida ta kwashi adashinta ta ajiye a gabana ba tare da ta ce uffan ba. 'Yata da ke aure a Jega ta turo nata ta waya, ƙanena ya cika sauran.

Na ce wa uwargida, "Hajiya, na zame muku nauyi." Ta ce, "Malam, kada in ƙara jin wannan. Shekara nawa kana ɗauke da mu?" Ita ke wankin dare, ita ke tuna mini lokacin shan ƙwaya, ita ke rage gishiri da mai a miya. Masu dubiya ni suke tambaya ya jiki, ba kasafai ake tambayarta ya gajiya ba. Mai jinyar majinyaci shi ma yana bukatar sannu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun yi sammako muka bi ta Argungu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da sashen gashin ciwon daji. A kan benci na zauna da mutanen Zamfara da na Neja, har da na Jamhuriyar Nijar. Ciwo ya mai da mu dangi, kowa yana ba wa ɗan'uwansa haƙuri.

Likita ya duba sakamako ya ce, "Baba, PSA ya sauka sosai, maganin yana aiki." Ya sake yi mini bayani da harshen manomi: wannan ciwo da sinadarin mazantaka yake girma, allurar kuma tana rage sinadarin ne, kamar a datse wa ciyawa ruwa a fangali. Zafin da ke taso mini da gumi cikin dare, da kasala, duk aikin allurar ne. Ya ce in riƙa tattaki don ƙashi da tsoka su yi ƙarfi. Ya ƙara da cewa wannan shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a Najeriya, ya fi yawa ga baƙar fata, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi shi ya fi kusa da haɗari. Ya dubi ɗana ya ce, "Kai ma idan ka kai arba'in da biyar ka zo a auna ka."

A hanyar dawowa rediyo ya ce yau ce Ranar Ciwon Daji ta Duniya, wadda aka fara a Faris a shekarar 2000. Aka ambaci Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnanmu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, aka kuma zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar UICC mai yaƙi da cutar a duniya. Na ji daɗi da sunan Kabi ya fito a wannan fage.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Jiki ya yi nauyi, ban fita ba. Da hantsi zuciya ta karye, na tuna sa'o'ina da suka riga mu gidan gaskiya, na ji tsoro. Ba na ɓoye wannan, domin imani ba ya hana ɗan Adam jin tsoro. Na ɗauki carbi na tuna Annabi Ayuba, wanda ya kai kukansa ga Ubangijinsa kuma aka yabe shi da haƙuri. Bayan azahar na kira 'ya'yana na faɗa musu bashin da ake bina da wanda nake bi, aka rubuta. Autana ya fara kuka. Na ce masa rubuta wasiyya ba ya kawo ajali, koyarwar addini ce ga mai lafiya da marar lafiya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Aminina na Argungu ya zo da ƙaton kifin giwan ruwa. Tare muka yi kwalejin horon malamai, gidansu kuma gidanmu ne. Bai tsaya jajanta mini ba. Muka ɓarke da hirar gulbin Matan Fada, da bikin kamun kifi da aka fara a 1934 don ƙulla zumunci tsakanin Kabi da Sakkwato, da yadda muke kutsawa cikin taro muna samari. Sai da la'asar ta yi na tuna ban ji ciwo ba tun safe.

Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce shi ma fitsari ya fara yi masa gardama, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Na ce ba kowane kumburi ne daji ba, sau da yawa girman tsufa ne mai sauƙin magani, amma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Mun yi alkawari ɗana zai raka shi asibiti mako mai zuwa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Sha'aban ya kama, azumi ya ƙarato. Liman ya ce likita ne zai faɗi ko zan iya. Idan da cutarwa in sha in rama, idan ramuwa ta gagara in ciyar. Addininmu bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Jikata 'yar shekara goma ta zo da takardar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara yi kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Uwarta tana ɗari-ɗari saboda jita-jita. Na ce a yi mata. Wanda ya ɗanɗani wannan ciwo ba zai ga ƙofar tsira ya rufe wa jikarsa ba.

Bayan salla na nemi izinin liman na yi wa jama'a magana, ita nake maimaitawa ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. Namijin da ya haura hamsin ya je a auna jininsa tun kafin ciwo ya kwantar da shi. Macen da ta ji ƙullutu a mama ko ta ga jinin da ba na al'ada ba ta faɗa a ranar. Masu lafiya kuma ku ziyarci majinyata, ku taimaka da kuɗin mota, ku gaida masu jinya. Rai da ajali na Allah ne, neman magani kuwa aikinmu ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.