Kafin ka sayi akwatin wasa

In an kwashe albasa a fadamar Tarka, kuɗi na shiga hannu. Haka ma in ƴan cin rani sun komo Buza da Kaita daga Abijan, ko Legas, ko Libiya. Lokacin ne yara ke matsa ma mutum. A da, rediyo suke so ko keke. Yanzu akwai wani abu, akwatin wasa da ake haɗawa da talabijin. Wanda ya fi suna shi ne PlayStation, na kamfanin Sony na ƙasar Japan. Na farko ya fito a 1994, na biyu a 2000, na biyar a 2020.

Akwatin shi kaɗai ba ya komi. Sai an sa mashi faifan wasa. Wasannin kuwa iri-iri ne. Na ƙwallo kowa ya san shi. Amma akwai wani iri da nike so mu yi magana a kansa. Ni ina ce mashi wasan labari.

Ka san tatsuniya. Kaka na faɗi, yara na saurare. To, a wasan labari ba saurare kake ba, kai ne cikin labarin. Ana ba ka mutum guda, kai ke tafiyar da shi. Ka shiga gari, ka gaida mutane, su ba ka labari. Ka fita daji, ka gamu da dodo, ku yi faɗa. In ka ci, ƙarfinka ya ƙaru, ka samu kuɗin wasa. Da su za ka sayi takobi, da garkuwa, da magani. In ka ɓarnatar da kuɗin, sai ka isa wurin babban dodo hannu wofi.

Mutanen Japan sun gwanance da irin wannan. Dragon Quest ya fito a 1986. Final Fantasy na bakwai ya fito a 1997, a faifai uku. Labarinsa na wani kamfani ne da ke tsotse ran ƙasa yana yin lantarki da shi, har ƙasa ta fara mutuwa. Da na ji haka sai na tuna da Kaita. Wanda ya ga yadda mata suka ɗauki duwatsu a ka, tun daga 1984, don a rayar da fako, ba sai an yi mashi dogon bayani ba.

Abin da ya fi burge ni da wasan labari shi ne karatu. A tsofaffin wasannin mutane ba su magana da baki. Maganarsu na fitowa a rubuce a ƙasan talabijin. Wani tsoho zai ce maka: bi gabas, ka haye gada, mabuɗin na cikin rijiya. In ba ka karanta ba, sai ka yi ta yawo kamar baƙo a kasuwa. Na ga yaron da mushe ya yi fama da shi a lakkol, ba ya son littafi. Amma a gaban wasa ya zamna yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, don yana so ƙofa ta buɗe. Akwai lissafi kuma. Ƙarfinka 120, dodo na rage maka 45 a kowane bugu. Bugu nawa za ka ɗauka kafin ka sha magani? Kuma da yawa cikinsu ba su bukatar saurin hannu. Kamar dara ne: ka yi tunani, ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa.

To amma da wane harshe aka rubuta? Nan fa gizo ke saƙa. Ni ban taɓa ganin na Hausa ba. Ko Faransanci, ko Ingilishi, ko rubutun Japan da ba mu san kansa ba. Wanda aka kawo daga Kano, yawanci Ingilishi ne. Ɗanka da ke koyon Faransanci a Madawa, me zai tsinta ciki? Kai kanka da ka koyi karatu da Hausa, kada mai kanti ya ce maka hoto ya isa. Hoto bai isa ba.

Ga tsawo. Wasan ƙwallo minti goma ne, an tashi. Wasan labari na iya cin awa 40 ko fiye kafin ya ƙare. Ta wani gefen riba ce, faifai guda ya riƙe yaro wata da watanni. Ta wani gefen kuma, awa 40 ɗin daga ina za su fito? Daga ban ruwan garka za su fito, ko daga kiwo, ko daga barci. A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa jarabar wasan cikin jerin cututtuka. Ba kowane mai wasa ke kamuwa ba, kaɗan ne. Amma labarin na da daɗi, kuma kullum akwai saura kaɗan.

Sannan mutum guda ke yin shi. A gida mai yara takwas, ɗaya na dannawa, bakwai na kallo. Ka san abin da zai biyo baya. Don haka in sana'a kake nufi, wato ka buɗe rumfa yara su biya su yi wasa, ni ban ba ka shawarar wasan labari ba. Ƙwallo ke kawo ciniki. Biyu su zamna, su tashi, wasu biyu su zamna.

Wuta fa? Wasan labari sai an riƙa ajiye inda aka tsaya. A PlayStation na ɗaya da na biyu, wani ɗan kati ake sakawa don wannan, kuma daban ake sayen shi. In wuta ta ɗauke ba ka ajiye ba, aikin awa biyu ya tafi. Mun ga abin da ya faru a 2023, da Najeriya ta yanke ma Nijar lantarki. A ƙauyen da babu wuta sam, ka lissafa da kuɗin batir, ko faranti mai aiki da rana, ko man inji. Ka kula kuma da tsohon akwati na Amurka. Wutarsu 110 ce, tamu 220. In ka haɗa kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Ƙurar hunturu ma ba ta barin faifai lafiya, a riƙa rufewa da ƙyalle.

Wani abu da iyaye ba su cika dubawa ba: abin da ke cikin labarin. Wasu na da tsafi, da jini, da shigar da ba za ka so a gani a tsakar gidanka ba. A kwalin wasannin Turai akwai lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Shekarun mai wasa ke nan. Ko ba ka jin Faransanci, lamba dai yanzu kana karanta ta.

Da ni ne zan saya, da yaron zan tafi kanti. In ce ma mai kanti ya kunna a gabana, ya bar shi rabin awa, in ji ko akwatin na zafi ko yana tsayawa. In tambayi kuɗin katin ajiya da na manet ta biyu tun ba a yi ciniki ba. Sannan in sa yaron ya karanta mani layi uku na farko da suka fito, ya faɗa mani ma'anarsu da Hausa. In ya iya, sai mu yi maganar jikka nawa. In bai iya ba, mu koma gida, mu dawo albasar baɗi.