Suhl, garin maƙeran bindiga inda ba a halbin siffar mutum

Masu karatu, Hausawa na cewa gani ya kori ji. Neman tsofaffin motoci ya kai ni ƙasar Jamus, sai mai masaukina, wani dattijo bakanike, ya ce ba zan koma gida ba sai na ga garin da aka haife shi. Muka shiga jirgin ƙasa daga Erfurt, babban birnin jihar Turingiya. Jirgin ya ratsa kurmi da duwatsu, ya bi ta wani rami mai tsawon kilomita 3 a cikin cikin dutse, kafin awa guda muka sauka Suhl.

Suhl gari ne matsakaici, a kwance cikin kwari, itatuwa sun kewaye shi ta kowace kusurwa. Kafin haɗewar Jamus ta gabas da ta yamma a 1990 mutanensa sun haura 50,000, amma yau ba su kai 40,000 ba, saboda masana'antu da yawa sun rufe, samari sun tafi cin rani wasu wurare. Abin da bai gushe ba shi ne sunan da garin ya yi wajen ƙirar bindiga. Shekaru ɗaruruwa ke nan maƙeransa suna wannan sana'a. Gidan Sauer ya fara aiki nan a 1751. A gidan Haenel kuma, lokacin yaƙin duniya na biyu, Hugo Schmeisser ya tsara bindigar da ake kira StG 44, wadda ake lissafa ta cikin kakannin bindigogin sojan zamani. A tsakiyar kasuwa mutum-mutumin maƙeri ne a tsaye, kuma akwai gidan tarihi guda na makamai zalla.

Da la'asar dattijon ya hau da ni tudun Friedberg, inda filin wasan halbi yake. A nan aka yi gasar duniya ta halbi a 1986. Wuri ne mai tsabta da natsuwa. Kowa ya toshe kunnuwansa, kowa ya tsaya a layinsa, ba mai ɗaga bindiga sai an ba da umurni. Na ga tsofaffi, na ga ƴan mata, na ga ma'aikatan gwamnati da suka taso daga aiki. Da na dubi allunan da suke bara a kai, sai na ga duka iri ɗaya ne: baƙin da'ira a tsakiya, zobba na kewaye da ita, lamba 10 a can ƙurya. Na tambayi dattijon ina allon nan mai kai da kafaɗu da muke gani a sinima. Ya yi murmushi ya ce: "Malam, wanda ya kafa shi a nan ya jawo wa kansa da ƙungiyarsa fitina."

Ashe doka ce. Dokar makamai ta Jamus ta ce halbin wasa dabam, koyon faɗa dabam, kuma ta hana masu wasan halbi yin amfani da allo mai hoton mutum ko mai alamar mutum. Soja da ɗan sanda ba su cikin wannan hani, don aikinsu ya bambanta. Hatta masu shirya wasannin duniya sun bi wannan hanya. A wasan halbin gaggawa da ƙaramar bindiga, inda mutum ke tsayawa nesa da mita 25 ya halbi alluna 5 cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4, da can allunan masu siffar mutum ne. A 1989 aka mai da su da'ira.

To, me takarda ta yi har a kafa mata doka? Takarda ba ta da jini, ba ta da uwa. Amsar tana wajen soja. A 1947 wani hafsan Amurka, S. L. A. Marshall, ya wallafa littafi inda ya ce a fagen daga sojan da ke halbin abokin gaba bai wuce ɗaya cikin huɗu ba. Masana tarihi sun yi ta gardama kan lissafinsa, amma rundunar Amurka ta ɗauki maganar. A shekarun 1950 ta fara sauya da'ira da allo mai siffar mutum, wanda ke tasowa kwatsam, ya faɗi in an same shi. Manufar ita ce hannu ya riga zuciya, yatsa ya taɓa kunama kafin tausayi ya iso. Jamusawa suka ce in haka ne, wannan darasi na bariki ne, ba na farar hula ba.

A hanyar komawa mun tsaya Erfurt, dattijon ya kai ni ƙofar lise mai sunan Gutenberg. Ranar 26 ga Afrilu 2002 wani saurayi ɗan shekara 19 da aka kora daga makarantar ya shiga da bindiga, ya kashe mutum 16, galibinsu malamai, sannan ya kashe kansa. Ɗan ƙungiyar wasan halbi ne, kuma yana da takardar izini. Sunayen mamatan na nan a jikin bango. Bayan wannan musiba aka ƙara tsananta doka: sai mai shekara 21 zai mallaki babbar bindigar wasa, kuma wanda bai kai 25 ba sai ya kawo shaidar lafiyar hankali.

Gaskiya dai, da'ira ba laya ba ce. A 2009, a Winnenden, wani yaro ya ɗauki bindigar wasan mahaifinsa ya kashe mutum 15. A Fabrairun 2020, a Hanau, wani mai izinin halbin wasa ya kashe mutum 9, dukansu masu asali da wasu ƙasashe. Shi ya sa masu sukar dokar ke cewa kwalliya ce kawai, mai mugun nufi ba ya bukatar hoto. Na gaya wa dattijon haka. Ya jima shiru, sannan ya ce shi bai taɓa zaton dokar za ta gyara zuciyar mugu ba. Abin da take yi shi ne ta hana a tara yara ranar Asabar a koya musu cewa ƙirjin mutum wurin cin maki ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni kuwa, baƙo baƙar fata, wani abu ne ya faɗo mini a rai. Allo mai siffar mutum ba ya daɗewa ba fuska. A Janairun 2015 labari ya fito daga North Miami Beach ta Amurka cewa ƴan sanda na koyon halbi da hotunan wasu baƙar fata da aka taɓa kamawa. Wata sojar da ta je filin ita ta gane hoton ɗan'uwanta, harsashi ya huda masa goshi. Daga baya hukumar garin ta hana. A yawancin jihohin Amurka allo mai inuwar mutum halal ne, ana sayar da shi a kanti, ko da yake jihar Massachusetts ta taƙaita shi a dokarta ta 1998.

Da dare ya yi muka rabu a tasha. Dattijon ya ciro wata takarda daga aljihu ya ba ni tsaraba: allon da ya halba ranar, huji biyar cikin baƙin da'ira. Tana nan cikin akwatina, tare da takardun motocin da na sayo. Allah ya kiyashe mu da ranar da ɗan Adam zai zama abin bara.