Tudun Descartes, inda duniya ba ta faɗuwa

Duk wanda ya ratsa lise ya san sunan Descartes. Amma akwai wani wuri mai wannan suna da babu motar da ke zuwa: tudu ne bisa wata, kilomita wajen 384.000 daga duniya. Ƙasar wurin toka-toka ce, mai laushi kamar gari, cike da ramuka da duwatsu. Babu iska, babu ƙara. Rana in ta fito sai ta yi kusan sati biyu ba ta faɗi ba, zafi ya zarce digiri 100, sama kuwa baƙa ƙirin ko da tsakar rana.

Abin da ke riƙe idon baƙo shi ne duniya. Tana rataye kusan bisa kai, faɗinta ya kusa ninka na wata sau huɗu, ba ta fitowa ba ta faɗuwa, domin fuska guda wata ke juya mata kullum. Juyi kawai take yi a wurinta, Afirka ta wuce, teku ta biyo. Daren da ake duban jinjirin watan azumi a Maraɗi, a can duniya ce ta kusa cika. Haskenta ne ma ake gani dishi-dishi a duhun jikin jinjirin.

Cikin watan Afrilu na 1972 John Young da Charles Duke na Apollo 16 suka sauka wurin, suka yi kwana uku. A inuwar kumbonsu suka kafa wata na'urar hoto mai ƙafa uku, shafe da zinariya, ƙirar George Carruthers, wani baƙar fata ɗan Amurka. Tana kama irin hasken da ido ba ya gani, wanda iskar duniya ke tarewa, shi ya sa aikin ba ya yiwuwa daga ƙasa.

Hotunan sun nuna duniya lulluɓe da siririn mayafin iskar hidrojen mai dubban kilomita, da wasu ɗamaru masu haske can ƙololuwar iska. Wannan ƙololuwa ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa mai rediyo a shago: ita ke maido da muryoyin gajeren zango ƙasa, kuma in rana ta yi aman wuta ta hargitsa ta, sai tasha ta shaƙe.

Sai a Disamban 2013 ƙasar Sin ta sauke Chang'e 3 a wani fili na arewacin wata da na'ura mai kama da wannan. Ta Carruthers kuwa, fim ɗinta kaɗai aka kwaso. Shi ya rasu a 2020, ita tana can tsaye bisa tudun.