Darasin Da Na Koya A Rumfar Bakanike A Hunƙuyi

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, motata ta koma abin ado a ƙofar gida. Albashin malamin jami'a ba ya iya ciyar da iyali ya kuma ciyar da mota, ga shi ina da 'yar gonar gado a wani ƙauye gaba da Hunƙuyi, ita kuwa gona ba ta yafe wa mai ita idan ya daina leƙa ta. Sai na sayi babur na hannu, ƙirar ƙasar Sin, mai injin cc 200, irin dogayen nan da aka ƙera don su bi kwalta su kuma bi burji.

Kamar yadda ɗan boko ya saba, kafin in tambayi mutum sai na tambayi intanet. Na kwashe darare ina kallon Turawa a YouTube suna ƙawata irin waɗannan babura da akwatunan ƙarfe hagu da dama, da ƙarin fitilu, da gilashin tare iska, da salansa mai ruri. A nan na gano cewa wannan nau'in babur yana da tsohuwar alaƙa da yankinmu. Gasar tsere daga Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya lashe ta a kan Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW ya fito da R80 G/S, wanda ake ɗauka kakan baburan doguwar tafiya na yau. Ashe rairayin hamada da burjin ƙasashenmu na cikin malaman da suka koya wa masana'antun Turai da Japan aikinsu, sannan darasin ya dawo mana a hoto, mu kuma muka karɓi hoton muka bar darasin.

Na rubuta abubuwa goma sha ɗaya da nake son ƙarawa. Kuɗina suka isa biyu kawai: akwatunan ƙarfe da wani mai walda ya haɗa mini, da manyan fitilu guda biyu. Wata Asabar cikin watan Agusta na cika akwatunan da taki, na fita daga Samaru ta hanyar Basawa, ina jin kaina kamar ɗan tseren Dakar.

Wanda bai ga ƙasar Kudan da damina ba, bai san kore ba. Masara ta yi goyo, rake ya rufe fadamu har mutum ba ya hango wanda ke cikinsa, iska kuma tana ɗauke da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Hunƙuyi ce hedikwatar ƙaramar hukumar, kuma ita da maƙwabtanta na Maƙarfi da Ikara sun shahara da rake da mazarƙwaila da tumatir da tattasai. Sai dai amfanin gona ba ya tsirowa a bakin kwalta. Tsakanin gona da inda babbar mota ke tsayawa akwai turbar da a da jaki ke bi, yau kuwa babur ya gaje ta, musamman Boxer ɗin kamfanin Bajaj na Indiya. Shi ne jakin, shi ne motar asibitin mai naƙuda, shi ne kuma motar ɗaukar amarya idan hanya ta yanke.

Ban yi nisa da barin kwalta ba laka ta fara nuna mini matsayina. Ta riƙa taruwa tsakanin tayar gaba da murfinta har tayar ta daina juyawa. Kafin in ankara ina kwance a gefen gonar rake, akwatin da nake taƙama da shi ya danne mini ƙafa. Wasu samari biyu da ke ciyawa suka ɗaga ni. Babur ya ƙi tashi, domin fitilun da na bari a kunne sun riga sun zuƙe batir. Haka muka turo shi zuwa cikin gari, ina ɗingishi, har rumfar wani dattijon bakanike.

Ya zagaya baburin sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya dube ni. "Malam, wa ya ce ka sa masa wannan kaya?" Na ce, "Baba, haka na ga masu yawon duniya suna yi." Ya yi murmushi ya ce, "To, ai duniyarsu daban. Babur hanya ce take faɗa masa abin da yake so."

Na zauna a kan benci ina kallon aikinsa har la'asar. Ya fara da ɗaga murfin tayar gaba don laka ta sami wurin fita. Ya ce in canza tayoyina masu sulɓi da masu manyan haƙora, in kuma riƙa rage musu iska kaɗan idan zan shiga taɓo, domin su ƙara kama ƙasa. Ya cire akwatunan, ya nuna mini yadda nauyinsu ya zauna bayan tayar baya, ya sa gaban babur ya yi sakayau, kan ya daina jin magana. Ya ce kaya a ɗaure su kusa da mazaunin mai tuƙi, a ƙasa-ƙasa. Sannan ya sauya faifan haƙoran da sarƙa ke bi a baya, daga mai haƙori 42 zuwa mai 45. Da na lissafa a raina, na ga ya ƙara wa tayar ƙarfin ja da kusan kashi 7 cikin 100, ya rage mata gudu da kwatankwacin haka. Shi bai yi lissafin a takarda ba, amma ya gaya mini sakamakon daidai: za ta fi hawa tudu da kaya, za ta rage gudu a kwalta, za ta kuma ɗan ƙara shan mai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne da wani manomi ya kawo Boxer ɗinsa. An ƙara masa shokozoba biyu a baya, an yi waldar dogon kariya da rodi, an sauya wayoyin ƙafar baya da masu kauri. Dattijon ya ce kullum abin da ake kawo masa ke nan: kowa yana son babur ya ƙara ɗauka, amma da wuya ka ga wanda ya zo don babur ya ƙara tsayawa. Birkin da masana'anta ta auna don mutum biyu, shi ake sa wa ya tsayar da mutum da buhu uku a gangare. Ilimin kimiyya yana bayan dattijon: idan nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka, idan gudu ya ninka, aikin ya ninka sau huɗu. Walda kuma idan ta yi yawa a jikin firam tana raunana ƙarfen da ke gefenta, ya tsage ranar da ba a zata ba. Wanda ke biyan wannan bashi shi ne magidancin da ya karye ana tsakiyar aikin gona, ko yaron da aka ɗora a kan buhu.

Ba na zargin manomi. Wanda zai yi sawu uku da tsadar man nan, dole ya nemi hanyar mayar da su ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne, mu da ke jami'a muna zaune kusa da wannan rumfa, amma iliminmu bai taɓa gaisawa da nata ba. Me zai hana ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu: su auna nauyin da babur ɗin ƙauye ke ɗauka, su zana kariyar da ake ɗaurawa da noti ba walda ba, su nemo birki mai araha da ya dace da kayan? Hukumar kiyaye haɗurra ma ta tuna abin da ya faru a 2009, da aka tilasta sa hular kwano wasu suka kifa ƙwarya a ka. Dokar da ba ta bi ta rumfar bakanike ba, a bakin kwalta take tsayawa.

Da zan tafi, dattijon ya gyara mini birki gaba da baya, ya ƙi karɓar kuɗin wannan aikin. Ya ce in cika in sayi hular kwano ta gaske. Akwatunan suna nan a rumfarsa, yana zuba noti da sifana a ciki. Takardar nan mai abubuwa goma sha ɗaya kuwa, da na dawo gida na duba ta, babu birki a cikinta.