Gidan Littattafai na Birnin Kano

Mu mutanen Getso, in an ce gidan littattafai, abin da ke faɗo mana a rai shi ne soron malam: ginin tubali, rufin azara, bango mai kauri wanda zafin bazara ba ya ratsawa. Littattafan kuwa rubutun hannu ne, kowane cikin gafakarsa. Ba a ba da aronsu sai ga almajirin da aka yarda da amanarsa, ya kwafa ya mayar.

Ran nan muka bi hanyar Gwarzo, muka shiga Kano ta Kabuga, aka kai mu babban ɗakin karatu na jiha a Nassarawa, unguwar da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909. An sa masa sunan Janar Murtala Muhammad, Bakano, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 har aka kashe shi a Ikko ran 13 ga Fabrairu, 1976. Ginin siminti ne, ga tagogi, haske ko'ina. Mu da muka saba jawo buzu bakin ƙofa kafin mu ga baƙi! Ba kuwa wanda ya tambaye mu 'ya'yan wa muke.

Amma fa muna zaune zukatanmu na gida. Bara wani tsohon malami ya rasu a garinmu, aka buɗe adakarsa, ashe gara ta ci rabin Risala wadda kakansa ya rubuta da hannunsa. Abin da ya saura magada suka raba, kowa ya tafi da nasa.