Kuɗin Marayu a Badun

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san yadda ake fito da mai gidan haya. Ko dai wani ƙaton Alhaji mai tumbi, ko wani busasshen tsoho mai jan ido, ya zo da sassafe yana dukan ƙyaure, yana rantsuwa cewa in ba a biya shi yau ba sai ya kware rufin ɗaki. Ɗan haya kuwa kullum shi ne abin tausayi, ga mata da ciki, ga aiki ya ƙare. A littattafanmu na soyayya ma haka abin yake, mai gida shi ne wanda ke watso kayan iyayen yarinya waje domin ta ƙi auren shi. Ban ce ƙarya ake yi ba, domin akwai masu gidajen da ko a fim ɗin ma an rage musu mugunta. Amma har yau ina jiran furodusan da zai juya kyamara ya nuna mana ɗan hayan da ya kwashe kayansa cikin dare, ya tsallake jiha, ya bar masu gida da buɗaɗɗen baki. In an rasa labari, ga nawa kyauta.

Yayana ya rasu a shekarar 2020, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, da gona, da wani shago mai sito a bayansa a bakin hanya, a garinmu Lausu da ke Ƙaramar Hukumar Rano. Da aka zo rabon gado, dangi da malamai suka ga bai kamata a sayar da shagon ba, gara a bar shi yana kawo ɗan abin da za a riƙa biyan kuɗin makarantar yara. Ni aka ɗora wa riƙon amanar. Wanda ke cikin shagon tun 2018 wani bawan Allah ne mai sayen hatsi, yana tara masara da dawa da waken suya daga ƙauyukan Rano da Kibiya, in sun yi mota ya kai Dawanau. Kuɗin haya N70,000 ne a shekara. Marigayi ya rubuta a littafinsa, bayan rasuwarsa kuma muka sabunta maganar a gaban mai unguwa da liman.

Mai karatun da ke cikin birni zai ce, to ba a karɓar kuɗin shekara ne kafin a ba da makulli? Wannan tsarin Kano ne, inda akwai dillalan gidaje da rasit da lauya. A ƙauye kowa kaka yake jira. Mai shago, da tela, da mai bin bashin taki, duk sai amfanin gona ya zo gida ake lissafi. Mutumin ya biya na 2020 ba gardama. Na 2021 ya ce a ɗaga masa ƙafa, jarinsa ya maƙale a hannun wani. Kakar 2022 ta zo ta wuce, ya ce wallahi da zarar ya sauke mota biyu zai haɗa duka ya kawo. Sai ga canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen koko. A cikin wannan ruɗani, wata safiya ta watan Fabrairu, aka wayi gari shago a buɗe, babu ko tsintsiya. Bashi ya tsaya N140,000.

Watanni biyu na farko yana ɗaukar waya. "Malam, ka yi haƙuri, ai ni da marigayi ba ta ɓaci. Wannan satin in Allah ya yarda." Daga nan sai wayar ta riƙa shiga ba a ɗauka, daga baya kuma matar nan ta kamfani ta riƙa gaya mini a kashe take. Direbobin manyan motoci ne suka kawo labarin cewa sun gan shi a Ibadan, wato Badun, yana dillancin hatsi a kasuwar Bodija. Kusan kilomita 1,000 ke nan daga ƙofar shagon.

Nan fa masu ba da shawara suka yi mini caa. Na farko suka ce in kai wa 'yan sanda, a je a ɗauko shi a ankwa. Wannan ita ce shawarar da ta fi yawa a ƙasar nan, kuma ita ce ta fi haɗari. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Kotuna sun sha cin tarar masu bin bashin da suka yi amfani da ɗan sanda a matsayin ɗan karɓo kuɗi. Ka ga ke nan sai mutum ya je neman haƙƙin marayu, ya dawo shi ake bi.

Wani abokina lauya da muka yi makaranta tare shi ya zaunar da ni ya warware mini hanyar kotu dalla-dalla. Ya ce tun 2019 Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistare, waɗanda a lokacin da aka kafa su suke sauraron bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ba sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Ka fara rubuta wa mutum takardar neman biya, in ya yi biris ka cike fom. Na ce to ai shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya yi dariya ya ce in tsaya tukuna, wannan duk ga wanda ke kusa ne. Sammacin da zai fita daga jiha yana da tasa doka, wadda ta shafi kai takardun kotu da zartar da hukunci, tun ta zamanin Turawa. Sai an yi wa sammacin wani rubutu na musamman da ke nuna a wata jiha za a miƙa shi, kuma sai an ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30. In an tsallake wannan, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya rusa shari'ar tun daga tushe. Sannan wa zai nemo mutum a tsakiyar Bodija ya damƙa masa takarda? Kai za ka biya kuɗin motar.

A ce ma ka yi nasara. Hukuncin da ke hannunka takarda ce kawai, sai ka karɓi shaidar hukuncin daga kotun Kano, ka kai ta wata kotu a Jihar Oyo a yi mata rajista, sannan ma'aikatan can su iya taɓa kayansa. Akwai kuma hanyar da kotu ke umartar banki ya riƙe abin da ke asusun mutum ya biya ka, amma sai ka san bankin, kuma sai an tarar da wani abu a ciki. Dillalin hatsi kuwa kuɗinsa a aljihu suke kwana, ko a asusun wani yaron mai POS.

Ta ɓangaren kotun shari'ar Musulunci, maganar ta fi sauƙi a baki. Ina da littafin marigayi, ina da shaidu biyu adilai. Malaman Malikiyya sun yarda a yanke hukuncin bashi a kan wanda ba ya nan, in ya yi nisa, bayan mai ƙara ya kawo hujja kuma ya yi rantsuwar da ake kira yaminul ƙada'i, cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. To amma alƙali ya yanke, da me za a biya? Da mutumin ya bar gona ko buhuna a ƙasar Rano, da an sayar. Bai bar komai ba. Oyo kuma ba ta da kotunan shari'a na gwamnati irin namu da za a ce a aika musu.

Na ɗauki biro na yi lissafi: zuwa da dawowa Badun sau biyu bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kwana, da abinci, da kuɗin takardu. Abin ya kusa cinye bashin kansa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ni kuwa ruwan cikin ma na marayu ne. Marubuta da furodusoshin da suka yi zamani a shekarun 2000 sun san wannan lissafi sarai. Mutum ya kai kwalin kaset Bata ko Ƙofar Wambai, ko ya aika da littattafai Jos da Sakkwato da Gusau, a ce sai an sayar. In ya tashi bin kuɗinsa, kuɗin mota ya fi abin da zai karɓo, sai ya haƙura ya ce Allah ya isa. Ba ƙaramin jari ne ya narke ta wannan hanya ba a harkar fim da ta littafi. Bambancina da su shi ne, su nasu ne, suna da ikon haƙura. Ni ba ni da wannan iko. Waliyyi ba ya kyauta da dukiyar maraya, kuma yafe bashi kyauta ce.

Matar Yaya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da takan ce kawai shi ne, "Malam, an ce a kawo kuɗin jarrabawa." Wannan ya fi zagi ciwo.

Mafitar ta fito ne daga inda ban zata ba, wato bakin mai unguwa. Ya ce, "Kai ɗan boko, kana ta maganar kotu. Wa ya sauke shi a can?" Ashe tambayar ke nan. Bahaushe ba ya faɗawa kasuwar kurmi haka kawai kamar daga sama. Dole akwai fatoma ko maigidan da ya karɓe shi, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a gaban masu kaya. Wannan tsari ya girmi Nijeriya. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916, kuma wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda ake ba mahauta shanu bashi, ba takarda ba kotu, maigida ne kawai ke tsayawa. In mai saye ya gudu, maigida ya biya daga aljihunsa, domin in sunansa ya ɓaci sau ɗaya, fatake sun daina sauka a gidansa. Jarin mutum a irin wannan wuri sunansa ne.

Cikin mako biyu, ta hanyar direbobin nan dai, aka gano cewa wani dattijo ɗan asalin ƙasar Kibiya, wanda ya shekara fiye da talatin a Badun, shi ne ya sauke mutumin namu. Mai unguwa ya kira shi da kansa, aka gaisa, aka tambayi damina, aka gano ma akwai auratayya tsakanin kakanni. Sannan aka miƙo mini waya. Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba. Kuɗin marayu ne, ga shaidu suna ji." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Yaro, na ji. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Ran Juma'a da daddare sai ga kira da sabuwar lamba. Mutumin ne. Muryarsa ta dushe. Ya ce motar waken suya guda ya aika kudu bashi a 2022, wanda ya karɓa ya ɓace, shi ma masu kaya suka taso shi, kunya ta hana shi tsayawa ya kalli idon mutanen gari. Na yarda da shi, domin daga baya na ji labarin daga wani bakin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Alƙur'ani da ya yi umarni a rubuta bashi, a aya mafi tsawo a cikinsa, shi ne kuma ayoyi biyu kafin nan ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Da ya zo ya zauna a gaban liman ya faɗi haka, ba wanda zai ɗaure shi. Abin da ban karɓa ba, kuma na gaya masa, shi ne kashe waya. Mai neman jinkiri fuskarsa yake kawowa.

Dattijon ya tsara abin yadda 'yan kasuwa suka saba. Duk motar da mutumin ya yi dillancinta, za a cire wani abu daga la'adarsa tun kafin ta shiga hannunsa, a tara, a turo. N20,000 ta farko ta shigo a watan Nuwamba 2023. Daga nan wani wata dubu goma, wani wata sha biyar, wani watan shiru. Duk abin da ya shigo nakan rubuta a littafin Yaya, in nuna wa matarsa da mai unguwa. Zuwa azumin 2025 an biya N110,000.

Sai dai kuɗin da suka dawo ba su ne suka tafi ba. A tsakanin nan an saki naira ta yi iyo a watan Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 a ƙididdigar hukuma. Abin da zai biya wa yara biyu kuɗin makaranta har da littattafai a 2022, da ƙyar ya ɗauki nauyin ɗaya. Na tambayi wani malami ko ya halatta in nemi ƙari saboda faɗuwar darajar kuɗi. Ya ce abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne a biya adadin da aka ci, ƙari a kan bashi ƙofar riba ce. Na karɓi fatawar, amma a raina na ce lallai a ƙasar da kuɗi ke narkewa kamar ƙanƙara, duk wanda ya ja bashi shekara uku ya riga ya ci rabinsa, ko da ya biya har kwabon ƙarshe.

Bayan sallar layya ta 2025 tsufa ya dawo da dattijon gida Kibiya. Na je na gaishe shi da ɗan goro, ya riƙe hannuna ya ce ya bar wa yaransa saƙo a can. Tun daga lokacin dai ko sisi bai shigo ba. Wayar mutumin tana shiga, yana ɗauka, muna gaisawa, yana cewa wannan satin. Ragowar N30,000 ce. Matar Yaya ta ce tumuninta da ke ciki ta yafe, duniya da lahira, don haka na cire N3,750, na rubuta N26,250 a ƙasan shafi, na sa kwanan wata. Shagon yanzu wani mai gyaran babur ne a ciki.